Tsiro a Sassan Jiki da Haɗarin Komawarsa Sankara: Duba Daga Doguwa da Maƙwabtanta

Tsakure

Maƙalar ta duba tsiron da kan taso a cikin hanji, mafitsara, mahaifa, tumbi, maɗaciya, hanci da maƙogwaro, wanda a asibiti ake kira folif, da yadda haɗarin komawarsa sankara ya sha bamban daga gaɓa zuwa gaɓa. An ɗauki sakamakon binciken da aka buga a Nijeriya da ƙasashen waje, aka auna shi da yanayin Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji a kudancin Jihar Kano. Matsayar maƙalar ita ce, kafin a kai ga batun manyan na'urori akwai giɓi biyu da suka fi cin rayuka a wannan yanki: jinin da ya kamata ya kai mutum gaban likita yakan sami suna da magani a gida ba tare da an duba ba, naman da aka yanke kuma sau da yawa ba ya isa ɗakin gwaji.

1.0 Gabatarwa



Mafi yawan tsiron da ke fitowa a cikin jikin mutum ba sankara ba ne, kuma har mai shi ya koma ga Allah ba zai zama sankara ba. Da wannan nake so in fara, domin da zarar an ce wa mara lafiya an ga tsiro a hoto, sai gwiwarsa ta yi sanyi, dangi su fara yi masa kallon wanda kwanansa ya ƙare. Sai dai a cikin tsiron akwai 'yan kaɗan da su ne mafarin sankarar, kuma a ido kamanninsu ɗaya da marasa lahani. Aikin likita a wannan babi shi ne raba waɗannan da waɗancan tun da sauran lokaci.

Tsiron da ake magana a kai ƙarin nama ne da ya taso daga tantanin da ya shimfiɗe cikin gaɓa mai rami. Wani yana da siririn wuya da kai, kamar laimar kwaɗi. Wani a zaune yake daɓas a kan tantanin, kuma shi ya fi wuyar gani da wuyar cirewa. Siffa kawai ke nan. Haɗarinsa kuwa abu huɗu ke nuna shi: gaɓar da ya fito, irin ƙwayoyin da suka gina shi, girmansa da yawansa, sai shekarun mai shi da tarihin danginsa. Na biyun shi ne mai yanke hukunci, kuma ba a saninsa sai an yanka naman siriri an sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Ƙananan hukumomi huɗun da na zaɓa sun haura mutum 800,000 a ƙidayar 2006. Ƙasar noma ce, ta masara da dawa da shinkafa, mai rafuka da fadamu, ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, ga dajin Falgore da hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa. Mutumin Riruwai, hedkwatar Doguwa, Jos ta fi masa kusa a kan birnin Kano. Likitocin da ke karanta nama a ƙarƙashin madubi kuwa suna tattare ne a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Jos. Duk abin da za a faɗa nan gaba sai a riƙa auna shi da wannan nisan.

2.0 Babban hanji da dubura

A nan ne alaƙar tsiro da sankara ta fi fitowa fili. Nau'in da ake kira adinoma yana farawa ne daga ƙwayoyin tantanin hanji da suka fara kauce wa tsarin girma, kuma mafi yawan sankarar hanji a Turai da Amurka daga gare shi take tasowa. A 1975 Muto da Bussey da Morson na asibitin St Mark's da ke Landan sun nuna yadda girma ke tafiya da haɗari: adinomar da ba ta kai santimita 1 ba, kusan kashi 1 cikin 100 ne aka samu da sankara a ciki; tsakanin santimita 1 da 2, kimanin kashi 10; wadda ta wuce santimita 2 kuwa, kusan rabi. A 1990 Fearon da Vogelstein suka bayyana matakan da abin ke bi: ƙwayar gado ta APC ta fara lalacewa, tsiro ya fito, KRAS ta biyo baya, ya ƙara girma, TP53 ta tafi, ya keta iyakarsa ya shiga naman da ke ƙarƙashi. Tafiyar takan ɗauki shekara goma ko fiye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma an gwada an gani: babban binciken tsiron hanji na Amurka da Winawer ya jagoranta ya ruwaito a 1993 cewa cire adinoma ya rage aukuwar sankarar da kashi 76 zuwa 90 cikin 100, a 2012 kuma aka nuna mace-macenta ya ragu da kusan rabi a cikin waɗanda aka cire wa. Wannan ne ya sa a Amurka ake leƙa hanjin masu lafiya da na'urar kolonoskofi, har a 2021 aka sauko da shekarun farawa daga 50 zuwa 45.

Ba kowane tsiron hanji ne adinoma ba. Ƙananan tsiro masu kumburin ƙwayoyi da ake yawan gani a dubura ba su da wani lahani. Akwai kuma shimfiɗaɗɗu masu bakin zarto da kan ɓuya a ɓangaren dama na hanji, waɗanda a da ake rainawa, yanzu aka gane suna da tasu hanyar zuwa sankara. Sai na gado: wanda ya gaji lalatacciyar APC daga uwa ko uba, hanjinsa kan cika da ɗaruruwan tsiro tun yana saurayi, kuma in ba a cire hanjin ba kusan tabbas ne sankara ta same shi wajen shekara 40. Kowane ɗa nasa yana da rabin yiwuwar gada. Wani nau'in, na ƙwayar MUTYH, sai an gada daga iyaye duka biyu, don haka a inda auren zumunci ya yawaita yana da kyau likita ya tambayi dangantakar iyaye idan ya ga matashi da tsiro barkatai.

Yara suna da nasu. Uwa kan ga jini a bahayar ɗanta mai shekara uku ko biyar, ba ciwo ba zazzaɓi, wata rana ma ta ga jan nama ya leƙo ya koma. A gida sai a ce ɗan kanoma ne ko basir, a shiga jiƙe-jiƙe da turare. Galibi tsiron ƙuruciya ne guda ɗaya, ba ya zama sankara, cire shi aikin 'yan mintuna ne. Illarsa ita ce jinin da yake zuƙewa a jikin yaron da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suka riga suka rage wa jini. Idan tsiron ya wuce biyar, ko akwai irinsa a dangi, to lissafi ya sauya, sai an bi sawu.

2.1 Ko wannan hoton ya dace da mu?

An daɗe ana koyar da cewa sankarar hanji cutar Turawa ce. Denis Burkitt, likitan tiyata da ya yi aiki a Yuganda, ya rubuta a 1971 cewa ƙarancinta a karkarar Afirka yana da nasaba da abinci mai yawan dusa da ganye. Akwai gaskiya a ciki. A 2015 O'Keefe da abokan aikinsa sun yi musayar abinci na mako biyu tsakanin baƙaƙen Amurka da mutanen karkarar Afirka ta Kudu, kuma cikin wannan ɗan lokaci alamomin haɗari a tantanin hanji suka sauka a wajen na farko suka hau a wajen na biyu. Tuwon dawa da miyar kuka, da kwaɗon rama da zogale, da wake, kariya ce da manomin Doguwa yake da ita ba tare da ya biya ko kwabo ba. Amma duk wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora ya dubi abin da ake ci a tasha ya san taliya da farin burodi da lemon kwalba sun shigo. A 2015 ɗin dai hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko busarwa cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanji. Masoya kilishi kada su tsorata: magana ce ta mai ci kullum, ba ta mai tsarabar sallah ba.

Ƙiyasin wannan hukuma na 2020 ya ba Nijeriya sabbin masu sankarar hanji sama da 7,000 a shekara, ta huɗu bayan ta mama, ta furostet ta maza da ta bakin mahaifa. Abin lura ya wuce yawan. Binciken da Edino da abokansa suka buga a 2005 kan marasa lafiya 50 a Kano ya nuna mafi yawansu ba su kai shekara 50 ba, kuma fiye da rabi a dubura cutar take. Binciken haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka, wanda Alatise ya jagoranta aka buga a 2021, ya gano cewa lalacewar APC ba ta kai yawan da ake gani a Amurka ba a cikin sankarar hanjin 'yan Nijeriya, yayin da nau'in da ke zuwa daga gazawar gyaran ƙwayoyin gado ya fi yawa. Ma'ana, wani kaso na tamu cutar ba ya bin doguwar hanyar adinoma mai shekara goma, kuma yana kama mutane da sauran ƙuruciyarsu.

An kuma gwada tantance masu lafiya. A kudu maso yammacin ƙasar nan an ba mutum sama da 2,000 gwajin neman ɓoyayyen jini a bahaya, sakamakon ya fito a 2022. Kusan ɗaya cikin biyar aka ga jini, amma da aka leƙa hanjinsu 'yan ƙalilan ne ke da sankara. Da yawa basir ne. A ganina a kudancin Kano, inda atini da tsutsar ciki da tsargiya ke nan, masu irin wannan sakamako za su fi haka yawa, kuma kowannensu zai buƙaci tafiya birni da kuɗin kolonoskofi. Shirin da zai tsorata ɗaruruwa ba tare da hanyar tabbatar musu ba bai cancanci a fara da shi ba. A fara da masu alama, waɗanda jinin nasu ba ɓoyayye ba ne.

2.2 Basir

Babu ranar kasuwa a ƙasar Hausa da ba a jin lasifikar mai maganin basir, ga kuma tallarsa a rediyo. Kusan duk abin da ya shafi mara da dubura an jingina masa: ciwon baya, kumburin ciki, raunin mazakuta, zubar jini, da naman da ke leƙowa, wanda ake ce wa basir mai tsiro. Basir na gaskiya jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suka kumbura, kuma ba ya zama sankara ko da ya shekara arba'in. Matsalar ita ce tsiron dubura mai dogon wuya yana leƙowa kamar yadda basir ke yi, sankarar dubura kuma tana zubar da jini kamar yadda yake yi. Har ma yunƙurin da ƙari ke sa mutum yi yakan fito da basir, sai a ga basir ɗin a waje a yi masa magani, mai laifin yana can santimita biyar daga ciki.

Akwai alamomin da ke taimakawa. Jinin basir ja ne wur, yakan ɗiga bayan an gama, ba ya cakuɗa da bahaya. Jinin da ya cakuɗa, ko ya zo da majina, ko ya haɗu da sauyin yanayin bahaya na makonni, ko jin kamar ba a gama ba bayan an tashi, ko rama da ɗashewa, duk waɗannan ba na a sha jiƙo a jira ba ne. Amma alamomi ba sa maye gurbin dubawa. Kaso mai yawa na sankarar dubura ɗan yatsan da ke cikin safar hannu yana iya taɓo shi, wato gwajin da ba ya buƙatar wuta ko na'ura. Abin da ke hana shi kunya ce, ta mara lafiya da ta ma'aikaci. Dattijo ba zai so yaron da bai kai ɗansa ba ya duba shi, ma'aikacin ma yakan ga rubuta magani ya fi masa sauƙi. Maganin wannan labule ne da ƙofa mai rufuwa, da mace ta duba mace, da bayani cikin ladabi: "Baba, maganin da zan ba ka ya danganta da abin da na gani, ka yi haƙuri in duba." Dattawan da suka ƙi bayan irin wannan bayani ba su kai yawan da muke zato ba.

3.0 Tsargiya: mafitsara da hanji

Idan akwai tsiron da za a ce na wannan yanki ne, to wanda tsargiya ke haifarwa ne. Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Ƙwanta na fita cikin fitsari ko bahaya, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai dashen shinkafa. Ruwan da ba ya gudu da ƙarfi, irin na madatsai da hanyoyin ban-ruwa da kududdufai, shi katantanwar ke so. Tiga ta kawo noman rani da kifi da arziki, wannan ba abin musu ba ne, amma a ko'ina a Afirka manyan ayyukan ban-ruwa sun zo tare da ƙaruwar tsargiya, kuma Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu ita.

Nau'in da ke sa fitsarin jini yana zuba ƙwai a bangon mafitsara. Waɗanda suka maƙale sai jiki ya kewaye su da kumburi, har tantanin ya taso ya zama tsiro. A nan akwai bambanci mai muhimmanci da adinoma. Tsiron tsargiya na kumburi ne, ba shi da kansa ke komawa sankara ba, kuma a jikin yaro yakan motse bayan an sha maganin tsargiya, firazikwantal. Shaida ce ta cewa mafitsara tana cikin wahala. Idan wahalar ta ɗauki shekara ashirin ko talatin, ana warkewa ana sake kamuwa, tantanin yakan sauya ya koma irin na fata, daga nan sankara mai suna sikwamos ta taso. Ferguson ya lura da wannan alaƙa a Masar tun 1911, a 1994 kuma hukumar Liyon ta sa wannan tsutsa a rukunin farko na masu haddasa sankara, rukuni ɗaya da taba. A Turai kusan duk sankarar mafitsara wani nau'i ne daban, mai alaƙa da taba da sinadaran masana'antu. A Kano kuwa, nazarin da Ochicha da abokansa suka buga a 2003 ya sami sikwamos a fiye da rabin naman da aka duba, rahotannin Sakkwato ma haka suka nuna. Masar ta ba da darasi: da ta yaƙi tsargiya shekara da shekaru, sikwamos ta ja baya a asibitocinta.

A ƙauyuka da dama yaro ya yi fitsarin jini ba ya tayar wa kowa da hankali, wasu ma alamar girma suke ɗaukarsa. Rabon firazikwantal a makarantu yana taimakawa, sai dai almajirin tsangaya da yaron da ke kiwo da yarinyar da ke talla ba sa cikin layin, kuma su ne suka fi shiga ruwa. Kuskuren da ya fi tsada kuwa a wajen manya ake yin sa. Magidanci mai shekara 45 da ya fara fitsarin jini ya san abin tun yana yaro, sai ya sayi ƙwayar tsargiya a kyamis ya koma gona. Jinin ya ɗauke na ɗan lokaci, domin haka jinin ƙari yake yi, yana zuwa yana tafiya. Ba zai je asibiti ba sai fitsari ya fara fita da gutsattsarin nama fari-fari, ko ya toshe, kuma a lokacin cutar ta yi nisa. Ƙa'idar da ya kamata ta zauna a kowace cibiyar lafiya ita ce, wanda ya haura 40 ya ga jini a fitsari sai an yi masa hoton mafitsara, ko da an ga ƙwan tsargiya a gwaji.

Ɗaya nau'in tsutsar, mai zuba ƙwai a hanji, yakan cika babban hanji da tsiro masu zubar da jini da majina, abin da likitocin Masar suka yi rubutu mai yawa a kai. Hukumar Liyon ba ta sa shi cikin masu haddasa sankara ba. Haɗarinsa ruɗani ne ta fuska biyu: a ɗauke shi sankara a yi wa mutum babbar tiyatar da ba ya buƙata, ko a ga ƙwai a nama a tsaya nan alhali akwai adinoma a gefe. Mata kuma ƙwan yakan sauka a bakin mahaifa ya haifar da tsiro da zubar jini bayan saduwa, wanda a ido ba a raba shi da farkon sankara.

4.0 Mahaifa da bakinta

Tsiron cikin mahaifa yana da yawa, kuma shekaru ne ke raba mai haɗari da marar haɗari. Nazarin da Lee da abokansa suka tattara a 2010 ya sami sankara ko mafarinta a ƙasa da kashi 2 cikin 100 na matan da ke haila, da sama da kashi 5 na waɗanda suka daina. Ƙiba, ciwon sukari da shan tamoksifen, maganin da ake ba masu sankarar mama, suna ƙara haɗarin. Tsiron bakin mahaifa kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ke zama mugu ba, kuma murɗe shi ba wuya. Abin tsoron shi ne wanda ya yi kama da shi: sankarar bakin mahaifa, da ƙiyasin 2020 ya nuna tana kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya a shekara. Ita ba daga tsiro take zuwa ba, daga ƙwayar cutar HPV ne, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a Oktoban 2023, Kano tana cikin jihohin farko.

Macen da jini ya rikice mata a wannan yanki, tambayarta ta farko ta salla ce da azumi. Takan je wajen malama a Islamiyya, ko ta aika a tambayi malam, a ce mata a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya ƙaru istihala ne, ta yi wanka ta yi sallarta. Amsar daidai ce a fiƙihu, kuma malaman fiƙihun da kansu jinin ciwo suke kiran istihala. Jimla ɗaya ce ta rage a ƙara: ciwon nan a je a duba shi. Gyatumar da ta shekara biyar da daina haila ta sake ganin jini, ko ɗigo ɗaya ne, wannan ba haila ce ta dawo ba. Ban ga wata hanya da za ta isar da wannan saƙo cikin gidaje da sauri fiye da malaman Islamiyya da ungozomomi ba, domin su ake fara gaya wa.

5.0 Sauran gaɓoɓi a taƙaice

A tumbi, ƙananan tsiron da kan biyo bayan daɗewa ana shan maganin olsa irin omifirazol ba su da wani haɗari. Waɗanda ke zuwa da kumburin da ƙwayar Helicobacter pylori ke haddasawa sukan ɓace idan aka kashe ƙwayar, wadda ita ma tun 1994 take rukunin farko. Adinomar tumbi ba ta da yawa, amma cire ta wajibi ne.

A maɗaciya, yanzu da ɗakunan sikanin suka yawaita a garuruwa, ana cin karo da tsiro ba da nema ba. Galibi taruwar kitse ne a bango. Wanda ya kai milimita 10, ko yake ƙara girma, akan cire maɗaciyar gaba ɗaya. Ƙanana a sake dubawa bayan watanni.

Tsiron hanci mai toshe kafa biyu, mai tafiya da mura da asma, ba ya zama sankara. Na kafa ɗaya, musamman mai haɓo, dole a gwada shi, domin akwai nau'in da wajen ɗaya cikin goma ke ɗauke da sankara, akwai kuma wani ƙari mai cike da jijiyoyin jini da ke kama samari, wanda in aka sa masa aska jinin ba ya tsayawa. Wannan gargaɗi ne da ya kamata ya isa kunnen wanzamai, ta hannun sarakunan aska. Tsiron igiyar murya na ladanai ne da malaman makaranta da 'yan talla, kuma ba shi da lahani. Amma dushewar murya da ta wuce wata guda a wajen mai shan taba sai an leƙa maƙogwaro.

6.0 Daga ɗakin tiyata zuwa madubi

A manyan asibitocin ƙananan hukumomi da asibitoci masu zaman kansu ana cire tsiron dubura da na bakin mahaifa da na hanci, kuma wannan alheri ne. Abin da ke biyo baya ne matsalar. Sau da yawa akan nuna wa dangi naman don su ga an yi aiki, sannan a jefar ko a ba su su binne. Wani lokaci akan sa shi a kwalba a ce su kai Kano da kansu, su kuwa ga kuɗin mota ga na gwaji, ga mara lafiya ya ji sauƙi, sai kwalbar ta kwana a kan taga. Da an jefar da naman, an jefar da amsar tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ba a sake samunta sai cutar ta dawo.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Nama yana buƙatar fomalin mai ƙarfin kashi 10, wanda ya ninka girmansa sau goma, a kwalba mai murfi da suna da shekaru da gaɓar da aka ciro shi. A haka yakan jure makonni ba firji. Ruwan gishiri ko sifirit ɓata shi suke yi. Tunda an riga an saba tara majinar masu tarin fuka daga ƙananan cibiyoyi ana kai ta wurin gwaji, ba abin da zai hana asibitocin Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji, waɗanda hanyoyinsu duka birni suka nufa, su tara nasu kwalaben mako-mako mota ɗaya ta kai. Kuɗin gwajin kuma a haɗa shi cikin kuɗin aikin tun farko, kada ya zama zaɓin da za a bar wa dangi bayan aljihu ya kwashe.

Sakamakon ya dawo ta waya ga ma'aikacin da ya yi aikin, a rubuta shi a littafi guda, domin shi ke nuna mataki na gaba. Tsiron kumburi ko na ƙuruciya guda ɗaya, an gama. Adinoma a dubura kuwa tana nufin sai an leƙa sauran hanjin, don sau da yawa ba ita kaɗai ba ce. Idan ta kai santimita 1, ko ƙwayoyinta sun yi nisa wajen sauyawa, a sake leƙawa bayan shekara uku. Wanda aka samu da sankarar hanji kafin ya kai 60, 'yan'uwansa na jini da 'ya'yansa su fara gwaji a shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da cutar ta kama shi, duk wanda ya riga zuwa. Gidan da aka tabbatar da nau'in ɗaruruwan tsiro, yaransa tun daga shekara 10 zuwa 12 ake fara duba su.